Garin da Aka Sake Gina wa Sarkin Fito

Ku gyara zama, don labarin yau sai kun yi gardama a kansa. Ni kaina na kasa yanke hukunci.

Malam Bawa shi ne Sarkin Fito na Tungar Ɗorawa. Shekara arba'in yana ƙetarar da mutane kogi a kwalekwale, ko akuya bai taɓa kifarwa ba. Da aka yi madatsar ruwa garin ya nutse, sai 'ya'yansa uku suka ɗauko shi suka kawo shi Zariya. Nan fa tsoho ya juya fuska bango. Ya daina hira, tuwo kuwa loma biyu yake yi ya ture kwano. Likita ya ce babu ciwon da zai rubuta wa magani, amma in aka ci gaba a haka, da wuya ya ga damina.

'Ya'yan nan sana'arsu ɗaya, ƙirƙirar wasannin kwamfuta. Kada wanda ya taɓe baki, don abin da suka yi ya isa a yi alfahari da shi.

Lurwanu, babbansu, ya ce gari Baba ya rasa, gari za a mayar masa. Wata huɗu yana aiki, ya gina Tungar Ɗorawa a cikin wasa, da kasuwar Talata, da tsamiyar bakin mashaya, da mutane kowa na harkar gabansa. Mai fura na fita da hantsi, masunta na ɗinkin koma, kogi na cika yana janyewa ko ana kallo ko ba a kallo. Da aka ɗora wa tsoho allon kwamfutar a cinya, sai hawaye. Ya buɗe baki karo na farko cikin watanni, ya ce, "Rumfar Ladi mai kifi ba nan take ba, matsar da ita gabas." Mako guda yana zaga lunguna, sannan ya ajiye. Ya ce, "Garin nan ba ya bukatata. Ko ina nan ko ba na nan, kasuwa za ta ci."

Mudassiru, mai bi wa Lurwanu, ya ce ai dama ya faɗa, garin da ba ka da aiki a cikinsa hoto ne kawai. Ya zauna ya tsara ayyukan fito, kowanne ya fi na baya wuya: buhunan gero, shanun Fulani, har da Talatu mai naƙuda da za a kai wa ungozoma a ƙetare kafin ruwa ya fi ƙarfi. Tsoho ya miƙe zaune, idonsa ya yi haske, ya ƙetarar da shanu ba tare da ko ɗan maraƙi ya jiƙe ba. Sai wata murya ta fito daga allon ta ce, "Je ka ɗauko Talatu, saura minti uku." Ran Malam Bawa ya ɓaci matuƙa. Ya ce, "Wane ne wannan mai aike na? Ko dagaci bai taɓa ce mini je ka ba!" Ranar ko loma biyun bai yi ba.

Sa'adiyya, autarsu, ba ta ƙara gida ko ɗaya ba, ba ta ƙara aiki ba. Ita ce ta fi zama gindin mahaifinta tana ƙarama, ta san a Tunga ba a aiken babba. Ta cire muryar, ta cire ƙirgen mintocin, ta ɗauki ayyukan Mudassiru ta sa su a bakin mutanen Lurwanu. Yanzu mijin Talatu ne zai zo zaure ya yi sallama, ya durƙusa, ya tambayi gajiya da iyali, can sai ya ce, "Wallahi, Sarki, yarinyar nan tun asuba take fama, ga ruwa ya cika." Daga nan sai ya sunkuyar da kai ƙasa.

Malam Bawa ya bari mutumin ya gama tsaf. Sannan ya daka tsawa, "To me kake jira? Kwance jirgi!" Ya waiwaya wajen 'yarsa ya ce, "Auta, kawo tuwon nan, ba a fito da yunwa." Ya cinye tas, ya nemi ƙari.

Damina ta zo ta same shi da ƙibarsa. Sai ya sa aka fito da gorar tuƙinsa, wadda ya gada daga kakansa, abu ɗaya tak da ya tsira da shi daga garin. Ya ce ta wanda ya dawo masa da ransa ce, kuma gora ba ta rabuwa uku. Lurwanu ya ce in ba gari, ina za a yi sallamar? Mudassiru ya ce in ba mai naƙuda, me zai tashe shi? Sa'adiyya ta ce duk an yi waɗannan, kwano na komawa a cike.

To, jama'a, wa za a miƙa wa gorar?