San da Ya Ja Gungume Duk Rani

Dattijo Gayus na ikilisiyarmu ne ya fara ba ni wannan misali, ranar da na kai masa kuka a kan jikata Bilhatu mai gudun tsere. Na ce masa yarinyar nan kullum ƙara gudu take, kullum kuma baya take ci. Sai ya ba ni labarin wani sa. Ga shi na rubuta muku yadda na iya.

Akwai wani manomi yana da san huɗa wanda babu kamarsa a ƙauyensu. Ranar gayya, kafin shanun mutane su kai tsakiyar gona, nasa ya kai ƙarshe ya juyo.

To kun san da rani ake kwance wa shanu karkiya, a bar su a turke su ci harawa su mai da jiki. Gungume kuwa, ƙananan da ake koya wa aiki ake ɗaura wa su ja. Amma manomin nan ya ce a ransa, “In na bar shi ya kwanta, wani zai kamo shi.” Sai ya ɗaura wa babban sansa gungume, yana zagaya fili da shi safe da yamma, rani duka.

Da farko san ya ƙara ƙarfi, manomin ya yi murna. Daga baya ya fara jan ƙafa. Ya bar dusa a kwano. Dabbar da yara ke shafawa ta koma kai wa mutane ƙaho.

Matarsa ta ce, “Maigida, san nan fa ya daina tuƙa. A tsaye yake kwana.”

Ya ce, “Ƙiwuya ce. Aikin ne ya yi masa kaɗan.”

Ya je ya saro gungumen da ya fi na da nauyi.

Ruwan fari ya sauka. Shanun mutane suka fito da ƙiba suna tsalle. Manomin ya ɗora wa nasa karkiya, ya kafa garma. Ko kunya ɗaya bai gama ba, san ya durƙusa. Ya yi masa bulala, bai tashi ba. Ya roƙe shi, bai tashi ba. A lokacin ne ya ruga ya kawo harawa da kanwa, yana shafa masa wuya yana cewa, “Huta, huta.” San bai mutu ba. Amma bai ƙara jan garma ba, in ya hango karkiya sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Gonar kuwa ciyawa ta cinye ta a shekarar.

Ku ji ma'anar misalin nan, ’ya’yana. San nan shi ne jikin da Allah ya ba ku aro, ku masu ƙwallo da masu gudu da masu kokawa. Manomin wani lokaci uba ne, wani lokaci mai horarwa, sau da yawa kuma ku ne da kanku. Gungumen shi ne horon da ba a ajiye shi. Jiki ba ya ƙara ƙarfi a lokacin da ake wahalar da shi, sai bayan ya kwanta ya ci ya ƙoshi. In kun ga abinci ya fita ranku, barci ya ƙi zuwa, kun tashi da safe zuciya tana bugu kamar an kore ku, ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa, kuna faɗa da kowa a gida, to ba lalaci ba ne. Ku tsaya. Wanda ya yi sama da ƙasa ma ya huta, ku su wane ne? Abin da ke karya mini zuciya shi ne, yawancinmu sai an durƙusa muke kawo harawa.

Duk alamun nan na ga su a jikin Bilhatu, har al'adarta ta mata ta ɗauke. Ubanta Irimiya, ɗana na cikina, shi ke bin ta da babur kan tudu yana cewa ta ƙara. Yana sonta, wannan ban musa ba.

Washegarin ranar da Dattijo Gayus ya ba ni misalin, da sassafe na ɗauki takalman gudunta, na zauna a kansu a bakin ƙofa. Irimiya ya tayar da babur ya ce, “Mama, gasa ta kusa fa, tashi mana.”

Na ce, “Kai ka yi gudun, ga ka da tumbi. Yau asibiti za mu, in ba haka ba sai dai ka bi ta kaina.”

Ya kashe babur yana guna-guni. Bilhatu ta fito, idanunta sun faɗa, ta durƙusa a gabana. Na zaci takalman za ta roƙa. Sai ta ce, “Kaka, in na daina gudu, me ya rage mini?”

Na jawo kanta na ɗora a cinyata, na ci gaba da zama a kan takalman har rana ta fito.