Bunsuru Mai Son Sunan Turanci

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya nutsu.

Ta zo, muna ji.

Bunsuru ne ke ƙirga awakin garke kullum, bai taɓa kuskure ba. Abu ɗaya ke cin ransa: bai san yadda ake kiran gwanin lissafi da Turanci ba.

Kura ta leƙo ta shinge ta ce, "Malam, na san sunan, amma tsawonsa ba zai wuce ta nan ba. Buɗe ƙofa."

Ya buɗe. Tana kwashe awaki, shi kuwa yana ƙirgawa daidai, har ya rage shi kaɗai.

Ya ce, "Gwaggo, sunan fa?"

Ta ce, "Matso, a kunne ake faɗinsa."

Ya matsa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ku tashi haka nan.