Mai Agogo da Gwangwanin da Ya Ɓoye wa Sista

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo da ƙodarsa ta daina aiki shekara huɗu ke nan. A ɗakin wankin ƙoda kowa Mai Agogo yake ce masa. Litinin, Laraba da Juma'a, ƙarfe bakwai na safe yana kan kujera ta biyar, allura biyu a hannun hagu, inji yana jan jininsa yana wankewa yana mayar masa har awa huɗu.

Jama'a, wanda bai taɓa raka majinyaci wannan ɗakin ba, ba zai gane gajiyar da ke biyo baya ba. Barci ba ya sauke ta. Mutum yana tashi daga kujerar kamar tsumman da aka matse. Mai Agogo in ya koma ɗan shagonsa, yatsunsa rawa suke yi, ko batirin agogo ba ya iya ɗauka da hantsaki sai washegari.

A kujera ta shida, daf da shi, akwai wani direban babbar mota da ake kira Tirela. Dogo ne, ƙato, muryarsa tun daga bakin ƙofa ake jin ta. Watansa takwas da fara wanki, yana da mata da 'ya'ya mata uku. Mai motar da yake ja ya ba wani direba ita, amma ya yi masa alkawarin in ƙarfinsa ya dawo zai ba shi tafiye-tafiyen kusa.

Kullum in Tirela ya shigo sai ya ce, "Tsoho, yau ma an zo canjin baƙin mai?"

Mai Agogo ya ce, "An zo, Direba. Amma injinka ya fi nawa zubar da hayaƙi."

Haka suke cinye awa huɗun nan da tsiya da dariya.

To, masu wankin wannan ɗaki suna da wata doka da ba a rubuta ba. Kafin mutum ya zauna sai ya hau sikeli, sikelin ya tona ruwan da ya sha a gida, Sista mai kula da ɗakin ta yi ta faɗa. Don haka suka yarda a tsakaninsu ba a kai ƙarar juna. Ka ga ɗan'uwanka ya ƙara kofin ruwa, ko ya saci ayaba ya ci, ka kawar da kai. Cewa suke azabar ta ishe su, ba sai sun ƙara wa juna da tsegumi ba.

Wata Laraba Tirela ya shigo yana washe baki. Ya jira Sista ta ba da baya, ya buɗe jakarsa, ya zaro wani gwangwani naɗe cikin tawul.

"Tsoho, wahala ta ƙare," ya ce ƙasa-ƙasa. "Garin ƙarin ƙarfi ne, don masu wankin ƙoda aka yi shi musamman. Cokali biyu safe, biyu yamma. Wallahi jiya har share tsakar gida na yi!"

Ya nuna masa tallar a waya: wani mai farar riga yana bayani, wani kuma da aka ce daga wanki ya fito yana hawa bene da gudu.

Mai Agogo ya ciro ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo, ya juya gwangwanin yana bin ƙananan rubutun. Babu adireshin wanda ya yi shi. Babu bayanin yawan abin da ke ciki. An dai rubuta haɗin ganyaye ne da busassun 'ya'yan itatuwa.

"Direba, ban yarda da abin nan ba," ya ce. "Mu da aka hana rabin ayaba, za a dake mana 'ya'yan itace a gwangwani? Ka manta abin da Sista ke faɗa kullum? Sinadarin fotasiyam ɗin nan, mai lafiya fitsari yake fitar masa da shi. Mu a jini yake taruwa sai ranar wanki. In ya yi yawa, zuciya yake tsayarwa ba sallama. Ka nuna mata kafin ka ƙara ko cokali ɗaya."

"In nuna mata ta ƙwace? Su ai duk abin da ba su suka rubuta ba guba ne."

"Mutumin da ke hawa benen nan, ka ga tabon allura a hannunsa? Ni ban gani ba."

Da Tirela ya sake magana, muryar nan tasa mai cika ɗaki ta koma ƙarama.

"Tsoho, wata takwas matata ke kai min bokitin wanka banɗaki. Shekaranjiya autata ta ɗago hannu ta ce in ɗaga ta sama. Na sunkuya, na kasa. Yarinyar ta ce, ba komai Baba, gobe ma rana ce. Kai ka tsufa, ka ci zamaninka. Ni ban gama ba. Don Allah ka rufa min asiri."

Wannan magana ta karya wa dattijon zuciya. Ya mayar da gilashinsa aljihu, ya ce, "Shi ke nan. Ba za ta ji daga bakina ba."

Sati biyun farko Tirela sai tashe yake. Ya dawo da barkwancinsa, har yana tsokanar Mai Agogo wai tsoro ne zai kashe shi kafin ƙoda. A sati na uku ya fara murza leɓensa yana cewa suna masa wani iri. Ƙafafunsa suka yi nauyi. Wani lokaci sai ya dafe ƙirji ya yi jim, sannan ya ce iska ce.

Da sakamakon gwajin jini na wata ya fito, Sista ta zo da takardar a hannu, fuskarta ba walwala.

"Direba, fotasiyam ɗinka ya hau sosai. Me kake ci a gida?"

Ya rantse da Allah abin da aka ce ya ci shi yake ci.

"Ba wani magani? Ba wani jiƙo ko gari da aka kawo maka?"

"Babu, Sista."

Sai ta juyo wajen kujera ta biyar. "Baba, kai ne maƙwabcinsa, ba ya ɓoye maka komai. Akwai abin da ban sani ba?"

Jakar da gwangwanin ke ciki tana nan a ƙasa, tsakanin kujerun biyu. Tirela ya zuba masa ido. Mai Agogo ya lumshe ido ya ce, "Ni da an jona ni barci nake yi, 'yata."

Ta tsaya ta dube su duka biyun, ta sake jero wa Tirela abubuwan da zai guje wa, ta ce za ta yi magana da likita, ta wuce.

Ranar Juma'a bayan an cire su, suna zaune a bencin baranda suna jiran jiri ya sake su, Mai Agogo ya kama hannun Tirela.

"Ka ji abin da takarda ta ce. Ka zubar da garin nan yau."

"Talata mai mota zai gwada ni a kan sitiyari," in ji Tirela. "Kwana huɗu ne kawai. Zan ɗan ƙara cokali ɗaya don in tsaya da ƙafata a gabansa. Daga ranar na daina, na yi maka alkawari."

Ya kwance agogon hannunsa ya miƙa masa. "Ya tsaya tun makon jiya. Ka tayar min da shi kafin Talata. Kar in je wajen mutum da mataccen agogo."

Da Tirela ya tafi, Mai Agogo ya tashi yana dafa bango har ƙofar ofishin Sista. Tana zaune tana rubutu. Ta ɗago ta ce, "Baba, lafiya?"

Maganar tana kan harshensa. Sai ya tuna alkawari, ya tuna yarinyar da ta ɗago hannu, ya tuna yadda 'yan ɗakin za su dube shi. Ya ce a ransa Litinin zai faɗa, ko me za a ce a ce.

"Lafiya lau. Sallama na zo yi miki. Sai Litinin."

Allah sarki. Shi da ya shekara huɗu a wannan ɗaki ya fi kowa sanin daga Juma'a zuwa Litinin ne tazara mafi tsawo ba wanki.

Ranar Asabar ya buɗe agogon. Ba wani abu ba ne, datti ne da batiri. Ya goge shi tas, ya saita lokaci, ya naɗe shi a hankici.

Litinin ya shigo da agogon a aljihu, ya tarar an shimfiɗa sabon farin zani a kujera ta shida, ba kowa a kai. Ɗakin tsit. Sista ce ta zo ta tsuguna a gabansa ta faɗa masa. Lahadi da la'asar Tirela yana zaune a tsakar gida yana goge takalmin da zai sa ranar Talata, sai ya kife. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Mai Agogo ya yi salati. Aka jona shi, ya kwanta awa huɗu yana kallon silin, agogon mamacin yana bugawa a aljihunsa. Ko a ranar bai buɗe baki ba. Ya ce a ransa faɗar me za ta gyara yanzu.

Bayan kwana tara da rasuwar, wata Talata, matar Tirela ta zo shagonsa riƙe da leda. Ta rame, idanunta sun faɗa. Suka gaisa, ya yi mata ta'aziyya, ya ciro agogon ya ba ta. Ta kara shi a kunne.

"Ya tashi," ta ce, hawaye na zubo mata. "Hannunka akwai albarka, Baba. Kullum zancensa kai ne. Ya ce duk ɗakin nan kai ne mutum. Ya ce har Sista ta tambaye ka, ka rufa masa asiri."

Dattijon ya sunkuyar da kai.

Ta buɗe ledar ta ajiye gwangwani biyu a kan teburinsa, kusa da hantsakinsa. "Ragowar garinsa ne. Na ce kar ya lalace, kai ma kana fama da gajiyar. Uku ne, ɗaya na ba baiwar Allahn nan mai ɗinki, ta kujera ta biyu, ranar da ta zo min gaisuwa."

Jama'a, matar nan ba ta san komai ba. Alheri ta zo yi.

Mai Agogo ya miƙe tsaye. "Yaushe kika ba ta?"

"Kwana huɗu ke nan."

Ko ƙofar shago bai rufe ba. Ya kwashi gwangwanayen ya tari mota zuwa asibiti, ya shiga ofishin Sista ba sallama, ya dire su a gabanta, ya faɗi komai tun daga Larabar farko. Kafin ya rufe baki ta ɗauki waya. Aka kawo mai ɗinkin cikin awa ɗaya, tana cewa leɓenta na mata wani iri. Aka gwada jininta, aka jona ta a inji nan take. Ita Allah ya yi da sauran kwananta.

Likita ya ce ba zai rantse garin ne ya kashe Tirela ba, tunda ba a bincika ba. Amma ya ɗora takardun gwajin mutum biyun kusa da juna, ya girgiza kai.

Da hankali ya kwanta, Sista ta dawo ta tarar da Mai Agogo a bencin baranda.

"Tun yaushe ka sani, Baba?"

"Sati biyar kafin ya rasu."

"Na tambaye ka."

"Kin tambaye ni."

Ba ta yi masa faɗa ba. Da ta yi, wallahi da ya fi masa sauƙi. Ta zauna kusa da shi na ɗan lokaci, sannan ta tashi ta koma bakin aikinta.

Matar Tirela ta ji labari daga baya. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma sake bi ta ƙofar shagonsa ba.

Har yau Mai Agogo yana kujera ta biyar. Ya daina wasa da kowa. Duk wanda ya shigo da gwangwani ko kwalba, a gaban idonsa yake kiran Sista. 'Yan ɗakin sun sa masa suna Ɗan Rahoto, wasu ko gaisuwarsa ba sa amsawa da kyau. Bai taɓa kare kansa ba.

Duk ranar Juma'a in an cire shi, sai ya bi ta ƙofar ofishin nan, ya tsaya daidai inda ya tsaya a wancan karon. Mai ɗinkin ta taɓa tambayarsa abin da yake kallo a wurin. Ya ce, "Na auna, 'yar'uwa. Daga nan zuwa teburinta taku uku ne."

Darasi: Duk garin ƙarin ƙarfi, jiƙo ko ƙwaya da ake tallata wa mai wankin ƙoda, kar ya kai bakinsa sai likitansa ko nas ɗinsa sun gani, ko da an ce daga ganye aka yi shi. Abin da ke ƙara wa mai lafiya kuzari yana iya tsayar da zuciyar wanda ƙodarsa ba ta aiki. Kuma in ka ga ɗan'uwanka na shan abin da kake shakka a kai, shirunka ba rufin asiri ba ne. Gara ya yi fushi da kai yana raye. Ku tura wannan ga duk gidan da kuka san akwai mai wankin ƙoda, yau ba sai Litinin ba.