Ƙashin Da Ya Rasa Ƙugiyarsa

Akwai wani mai gidan buga littattafai da ma'aikatansa suka laƙaba wa suna Oga Makulli. Ba a gabansa suke faɗa ba, amma har mai facin taya na bakin titi ya san sunan.

Gidan gadon mahaifinsa ne. Marigayin mutum ne mai sakin hannu da ilimi, duk wanda ya tsaya kusa da shi sai ya tafi da wani abu a kansa. Shi ne ya koya wa babban ma'aikacin gidan sana'a, wani dattijo da kowa ke kira Kawu Mai Inji. Shekara ashirin da shida Kawu ya yi yana tuƙa injin bugu a gidan nan. Daga ƙarar inji kaɗai yana gane tawada ta yi yawa ko takarda ta sha danshi.

Sai zamani ya juya. Oga ya sayo sabuwar na'ura wadda ake tsara shafi a kwamfuta, ita kuma ta fitar da farantin da ake ɗaura wa inji ya buga. Kamfanin da ya sayar da ita ya turo injiniya ya koyar da mutum huɗu har kwana uku.

Kun san abin da bawan Allah nan ya yi? Ranar farko ya tura ma'aikata duka su share sito. Rana ta biyu ya ce su sake jera takardun da suka jera jiya. Shi kaɗai ya zauna gaban injiniya, rabin lokacin ma waya na manne a kunnensa.

Injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, ina sauran mutum ukun?"

Ya ce, "Ni ne sauran. Ci gaba."

Da injiniya ya tafi, Oga ya sa kwaɗo a ƙofar ɗakin kwamfuta, ya rataya makullin a ƙugunsa. Daga nan sunan ya samo asali.

Kawu ya same shi cikin ladabi. Ya ce, "Oga, ko sau ɗaya a mako ka bar mu mu zauna mu ga yadda ake yi. Aikin nan yana tafiya yana barin mu."

Oga ya yi tsaki. "In koya muku, gobe ku buɗe naku a gaban ƙofata ko? Kai da furfurarka, me za ka yi da kwamfuta? Ka riƙe injinka."

Wallahi wannan magana tana ƙona min rai duk lokacin da na tuna ta. Mutumin da ubanka ya koya wa aiki, bai gudu ba shekara ashirin da shida, shi kake wa kallon ɓarawo.

Injiniya ya bar wani littafi mai kauri na bayanin na'urar. Oga bai taɓa buɗe shi ba, ya jefa shi cikin tarin takardun da ake naɗe kaya da su. Wadda ta tsince shi ita ce Anti Mai Ɗinki, matar da ke ninke shafuka tana ɗinke littattafai, mace mai kaifin baki da saurin hannu. Ta tattara shafukan da suka zare, ta ɗinke shi tsaf, ta miƙa wa Kawu.

Ta ce, "Ungo. Tunda an hana mu ɗakin, ai ba a hana mu karatu ba."

Wata takwas Kawu yana karanta littafin nan lokacin hutun rana, da tabaronsa mai hannu ɗaya da ya ɗaure da zare. Kalmar da ta gagare shi sai ya rubuta a tafin hannu, ya tambayi duk mai ilimin da ya shigo karɓar aiki. Ya san kowane hoto da ke ciki. Amma ko sau ɗaya yatsansa bai taɓa kwamfutar ba.

A watannin nan ayyukan da ke shigowa ba su wuce kalanda da fom da katin gayyata ba, don haka asirin Oga bai tonu ba.

Rannan sai ga wata tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya. Tana koya wa manyan mata karatu, waɗanda ba su samu yin makaranta suna ƙanana ba. Ta rubuta musu ɗan littafin koyon haruffa, kowane harafi da hotonsa, ta kawo a buga mata kwafi dubu biyu kafin a buɗe aji ranar Litinin.

Ta ce, "Ɗana, abu ɗaya nake roƙo. Ka kula min da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Saboda su na rubuta littafin."

Oga ya bugi ƙirji. "Malama, kin zo inda ake yi da na'urar zamani. Ki kwantar da hankalinki."

Ya kulle kansa a ɗaki, ya fito da faranti, ya miƙa wa Kawu. Kawu ya ɗaura, ya kunna inji. Takarda ta farko na faɗowa ya ɗaga ta, ya duba, ya kashe injin nan take.

Duk ƙugiyoyin sun ɓace. Shafin da ke da hoton ɓera an rubuta bera. Shafin ɗaki ya zama daki. Shafin da ke da hoton ƙashi kuwa, da manyan haruffa baƙaƙe, an rubuta kashi.

Ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa. "Oga, akwai matsala. Ƙugiyoyin ba su fito ba."

Oga ya buɗe ƙofa kaɗan, ya tare hanya da jikinsa, ya nuna allon kwamfutar daga nesa. "Duba can. Ga su nan, ko ba ka gani? Kwamfuta ba ta ƙarya."

"Oga, ai ba allon za mu ba Malama ba, takarda za mu ba ta. Ga takardar, duba mana."

Ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Tun da na sayo na'urar nan kake neman inda za ka kushe ta. Tsufa ya taɓa maka ido. Ka je ka buga, ko ka cire rigar aikin ka ajiye. Zaɓi ɗaya."

Kawu ya tsaya da takarda a hannu. Mutum ne mai iyali, kuma wa zai ɗauki mai shekara hamsin da biyar da bai iya kwamfuta ba? Ya koma ya kunna inji. Ya buga kwafi dubu biyu yana sane, ransa a ɓace. Anti ta ɗinke su tana ƙunƙuni tun daga na farko har na ƙarshe.

Ranar Asabar da hantsi Malama ta zo karɓa. Shagon cike yake da masu jiran aiki. Ta ɗauki ɗaya, ta shafa bangon tana murmushi, ta buɗe. Murmushin ya tsaya. Ta sake buɗe wani shafi, ta sake, har ta kai shafin ƙashi.

Ta ce, "Innalillahi. Wannan zan miƙa wa matan da suka haife ka? In nuna musu hoton ƙashi in ce su karanta wannan?"

Wani a cikin masu jira ya leƙa, dariya ta ƙwace masa, ya toshe baki.

Oga ya karɓi littafin. Wannan ne karo na farko da ya kalli takardar. Fuskarsa ta canza, amma maimakon kunya ta kama shi, sai ya juya ya nuna Kawu da yatsa.

"Kai! Ka ga abin da ka jawo min? Na ba ka aiki lafiyayye ka lalata shi! Malama, ki yi haƙuri, tsohon nan ne, ba ya gani, kuma ba ya jin magana. Cire rigar nan. Daga yau ba ka aiki a gidan nan!"

Kawu ya fara ɓalle maɓallan rigar. Jama'a, wace irin ƙeta ce wannan? Ka hana mutum ilimi, ka hana shi gyara, sannan ka ɗora masa laifinka a gaban mutane.

Sai Anti Mai Ɗinki ta ture kujerarta ta miƙe. Ta je bayan inji, ta ɗauko farantin, ta dire shi kan tebur a gaban Malama.

Ta ce, "Malama, ke mai ilimi ce. Inji abin da ke jikin faranti yake bugawa, ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Duba ki gani, akwai ƙugiya a nan?"

Malama ta gyara tabarau ta duba. Babu ko ɗaya.

Ta ce, "Wa ya yi farantin?"

Anti ta ce, "Ki tambayi mai makulli. Mu ko ƙofar ba mu taɓa tsallakawa ba."

Malama ta juya kan Oga. Ta yi shekara talatin tana kallon yaran da suka fasa abu suka nuna na kusa da su, ta san fuskar. Ta ce, "To, tunda kai ne gwani, buɗe ɗakin. Ka fitar min da shafi ɗaya daidai, ina tsaye."

Babu yadda zai yi. Ya buɗe, ya zauna, mutane suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Ya danna nan, ya danna can, ya tura gwaji. Takarda ta fito: kashi. Ya kashe kwamfuta ya kunna, ya sake turawa. Kashi. Karo na uku gumi ya jiƙa masa kwalar riga, har ya fara zagin wutar lantarki.

Daga bakin ƙofa aka ji muryar Kawu, riga a hannu.

"Samfurin haruffan da ka zaɓa ba shi da masu ƙugiya. A allo kwamfuta tana aro su daga wani samfurin don ta nuna maka. Na'urar faranti ba ta aro, abin da ta samu shi take sawa. Sai ka canza samfurin, sannan ka ɗaure haruffan a cikin fayil kafin ka tura."

Kowa ya juya ya dube shi.

Malama ta ce, "Malam, zo ka zauna ka yi mana."

Kawu ya girgiza kai. "Malama, ban taɓa riƙe abin dannawar nan ba. A littafi na karanta. Na san hanya, amma hannuna bai san ta ba."

"To shi yana da hannu. Faɗa masa."

Haka aka yi. Mutumin da aka kora ya tsaya a bayan wanda ya kore shi yana ba shi umarni. "Hau sama. Ba nan ba, na kusa da shi. Danna. Sauko layi na uku. A'a, Oga, na uku na ce." Oga yana bi kamar ɗan koyo, kunnuwansa sun yi zafi. Takarda ta fito. Malama ta ɗaga ta sama: ƙashi, da ƙugiyarsa.

Oga ya miƙe yana gyara wuyan riga. Ya ce, "To, shi ke nan. Mayar da rigarka ka sake bugawa. Na yafe maka."

Kawu ya dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. "Ka yafe min me?"

Ya nuna mutanen da ke bakin ƙofa.

"A gaban mutanen nan ka ce ni na lalata aiki. A gabansu za ka faɗi wanda ya lalata. Sunana nake so, ba yafiyarka ba."

Oga ya kalli ƙasa, ya kalli rufi, ya ƙi faɗa. Kawu ya ninke rigar, ya ajiye ta kan tarin littattafan da suka lalace, ya fita.

Nan Oga ya tuna abu ɗaya. Litinin jibi ce, kuma duk gidan babu wanda ya iya tuƙa injin bugun nan sai mutumin da ya fita. Shi kansa bai san inda ake zuba tawada ba.

Ya bi shi da gudu. A bakin titi ya cim masa, inda masu shaguna da masu jiran mota suke. Ya rage murya, ya ce, "Kawu, don Allah, mu koma ciki mu yi magana."

Kawu ya ce, "Da ƙarfi ka kore ni."

Mutum goma ne suka ji ƙazafin a cikin shago. Waɗanda suka ji gaskiya a bakin titi sun fi hamsin. Oga ya tsaya a tsakiyarsu, ya ce, "Ni na lalata aikin. Ya faɗa min tun takardar farko, na ƙi ji. Ba shi da laifi."

Kawu ya koma. Shi da Anti suka yi Asabar da Lahadi a tsaye, Malama ta buɗe ajinta ranar Litinin da littafi mai kyau. Da Kawu ya ɗaure ƙunshin ƙarshe, ya wanke hannu, ya yi wa kowa sallama.

Oga ya ce, "Ina kuma za ka? Ba na faɗa ba?"

Kawu ya ce, "Ka faɗa, na gode. Saboda Malama na dawo. Wani mai gidan bugu yana cikin waɗanda suka ji ka a titi. Ya ce in zo, wata guda na farko ba zan taɓa inji ba, kwamfuta za su koya min. Anti ma ya ce ta zo."

Oga ya tsaya shi kaɗai tsakanin na'urar da bai fahimta ba da injin da bai iya ba.

Darasi: Wanda ya rufe wa ma'aikatansa ƙofar koyo don tsoron kada su tafi, wata rana za su tafi neman inda za a koya musu, su bar shi da injinan da bai iya ba. Sayen sabuwar na'ura ba ya gyara aiki sai an horar da masu aikin. Kai kuma ma'aikaci, kada shekaru ko wulaƙancin wani su hana ka neman sani. Ku tura wa duk mai gidan sana'ar da kuka sani, wataƙila ya buɗe ƙofar tun kafin a tona masa asiri a titi.