Furen da Ya Ƙi Tumɓukuwa

An ce wai a wani zango na bakin teku, Baba Nomau, tsohon mai fataucin goro, ya fito da hantsi ya tarar maƙwabcinsa Gambo yana kafa turakun rumfar gishiri a kan kabarin Tabawa, matar Nomau.

A garin nan iska kan binne dutse da turke cikin rairayi, shi ya sa ba a shata iyaka sai da 'yar-gishiri: wani fure shuɗi da ba ya fita ko'ina sai a gaɓar nan, gajere, mai ganye kauri-kauri kamar an shafa masa kakin zuma. Tabawa ce ta shuka na gidansu da hannunta tana amarya. Yau ga layin fure biyu, ɗaya a bayan kabarin, ɗaya a gabansa.

Aka kira Alƙali Jatau.

Gambo ya nuna layin da ya jefa kabarin cikin filinsa, ya ce, "Allah gafarta Malam, tsufa ne ke damun Baba. Ga iyakarmu nan tun ina goye!"

Nomau ya juya ga ɗaya layin. Idonsa na kan furen da Tabawa kan soka a ɗankwalinta ranar kasuwa, tana yi masa tsiya wai ya fi son goro a kanta.

Alƙali ya ce, "Ba zan rantsar da kowa ba. Kowa ya tumɓuko mini ɗaya daga layin da yake iƙirari."

Gambo ya duƙa, ya fizgo nasa da yatsa biyu, yana murmushi. Nomau ya kama nasa ya ja, ya ja, har gumi ya keto masa. Fure ko gezau.

Ya saki, ya ce, "Malam, na kasa. Ko da zan iya ma, ba na so."

Alƙali ya ɗaga na Gambo, ga saiwa guntuwa, yankan wuƙa ɗanye. Ya ce, "Wannan fure yakan shekara goma yana tura saiwa, tsawon mutum, har ta cim ma ruwan ƙasa. Gambo, naka shekaranjiya ya zo. Kwashe turakunka. Ku riƙe wannan: abin da ya daɗe a wuri ba a samansa ake gane shi ba, sai an ja."

Nomau na gyara kabarin ke nan sai wani kwalekwale ya tsaya. Wani baƙo ya sauko da buhu da magirbi, ya ce, "Salamu alaikum. Nan ne furen nan shuɗi yake? Na zo ɗiba."