Tagogin Fumie

Akwai wani dattijo a garin Takasaki mai suna Kuwabara, ɗan ƙungiyar masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa na wasa. Al'adarsu, kowa ya gina yankinsa a kan katako. Ranar nuni sai a haɗa su baki da baki, layin dogo ya zagaye, jirgi ya bi ta yankin kowa.

Yankin Kuwabara kwaikwayon tashar ƙauyensu ce da aka rufe tuntuni. Marigayiya matarsa, Fumie, ita ta yanka tagoginta da wuƙa, hannunta na rawa saboda ciwo. Shi ya sa suka ɗan karkace. Kullum da safe sai ya share musu ƙura da burushi kafin ya sha shayi.

Ana nan Tokuda, shugaban ƙungiyar, ya sayo injin leza mai yanka roba da haske. Da Kuwabara ya kawo katakonsa wurin taron ƙungiya, Tokuda ya duƙa ya leƙa tashar, ya yi dariya.

"Baba, girgizar ƙasa aka yi a ƙauyenku? Kawo in gyara, kada ka ba mu kunya gaban baƙi."

"Shugaba, bar su haka. Aikin mai ɗakina ne."

"To ai gyara mata zan yi! Jirgi ma in ya ga tagogin nan ba zai tsaya ba."

Aka yi dariya. Cikin sauran 'yan ƙungiyar babu wanda ya ce a bari. Kuwabara bai iya musu da shugaba a gaban mutane ba, sai ya sunkuyar da kai.

Tokuda ya ɓalle bangon robar da tagogin ke jiki, ya shimfiɗa cikin injin, bai ko tambayi wace irin roba ce ba. Ashe tsohuwa ce, irin wadda ba a kusantar da ita da wuta. Hayaƙi rawaya ya turnuƙe, kowa ya fita yana tari. Da Kuwabara ya koma, baƙin dunƙule ya tarar. Ya naɗe shi a hankici, ya ɗauki katakonsa, ya tafi gida.

Hayaƙin ya cinye cikin injin, tsatsa ta gama da shi. Ranar nuni kuwa aka haɗa yankuna, giɓi ya rage daidai wurin Kuwabara. Jirgi ya zo bakin giɓin ya tsaya. Yara suka gaji da jira, iyaye suka ja su suka fita.

Tokuda ya aika wa Kuwabara da kwalin alawar wake ta hannun wani. Ta hannun wani! Wannan ba ban haƙuri ba ne. Wanda ya yi ɓarna shi ke zuwa da ƙafarsa, ya rusuna a bakin ƙofa, kuma waɗanda suka yi dariya su biyo bayansa. Har yau ba su zo ba.

Kuwabara kuwa yana nan yana ɗaukar burushinsa da safe, ya tsaya gaban tasha marar bango, ya mayar da shi ya ajiye.

Darasi: Kafin ka gyara kayan wani, tambayi wanda ya yi shi da abin da ya sa yake haka. In ka ɓata, je da kanka. Ku tura wa duk mai dariya lokacin da ake taka wani.