Mai Fito da Rabin Labari

Akwai wani manomi da yake zaune da matarsa a wani gari na bakin kogi. Sau biyu matar tana haihuwa, sau biyu suna binne jariri a bayan gida. Da cikinta na uku ya tsufa, sai tsohuwar ungozomar garin ta zo ta shafa shi. Ta daɗe tana shafawa, sa'an nan ta ce wa manomin, "Ɗan nan a gicciye yake kwance. Na iya juya irinsa, amma ba kowa ya iya ba. Ranar da naƙuda ta tashi, ko tuwo nake tuƙawa, ka aiko a kira ni."

Ya ce, "To, Iya."

A mashigin garin kuwa akwai wani mai fito, wato mai ƙetarar da mutane a kwalekwale. Da can mutum ne mai shiru. Amma mutanen garin ba su cika ƙetarewa ba, gama kasuwarsu da gonakinsu duk a wannan gefe suke. Masu sayar da gyaɗa da ƙosai da turare a wancan ƙetare sai su yini suna korar ƙuda. Rannan suka kira mai fiton suka ce, "Duk jirgin da ka ciko mana da mutane, kana da mudun hatsi. Yadda za ka yi ka kawo su, kai ta shafa."

Kashegari ya tsaya a goshin kwalekwalensa, ya sa hannu a kunne kamar mai shirin waƙa, ya ja murya ya ce, "Jama'a, abin da aka tarar a rumbun mai unguwa, ni kaina sai da na nemi wuri na zauna. Ba zan faɗa a nan ba. Ku shigo, kyauta ne, in mun kai ƙetare za ku ji."

Jirgi ya cika. Da suka kai ƙetare ya ce, "Kaza ce ta yi ƙwai goma sha ɗaya."

Suka yi tsaki. Amma tun da an riga an zo, kowa ya sayi gyaɗa. Kashegari ya sāke jan murya da wani rabin labarin, jirgi ya sāke cika.

Ba wanda ya taɓa yarda cewa son ji ne yake kai shi. Wata mata takan gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Ni fa kun san ni, ba ni da gulma. Zan je ne kawai in ji, don in san abin da zan sa a addu'a." Wani dattijo yakan yi gyaran murya ya ce, "Mutumin nan zai lalata mana yara. Bari in je in ji irin abin da yake gaya musu." Shi ne kuma yakan riga kowa kama wurin zama mai kyau.

Manomin nan shi kuwa faɗa yake zuwa yi. Yakan ajiye fartanya ya gangara mashigi ya ce, "Kai, ka ji tsoron Allah."

Mai fito yakan ce, "Gaskiyarka, maigida. Shigo ka gaya mini a ciki, ga wuri nan kusa da ni."

Sai ya shiga. Yana faɗa, mai fito yana tura gora yana cewa, "Haka ne, haka ne," har su kai. Masu gyaɗa ba sa tambaya wane ne ya zo da fushi, wane ne ya zo da dariya. Kawuna suke dubawa, su auna hatsi.

Ana nan, wata safiya da mata suka cika bakin kogi da wanki, mai fito ya sassauta murya kamar mai jin kunya, ya ce, "Jama'a, kun ji abin da aka kama ungozoma tana yi wa jaririn mutane da bakinta? Ba zan faɗa a nan ba, akwai masu ciki."

Manomin ya shiga jirgin. Da suka kai ƙetare mai fito ya ce, "An haifi yaro ba ya numfashi. Ta sa baki ta tsotse masa hanci, ta hura masa iska, ya yi kuka. Yana nan yana shan nono."

Manomin ya ce, "Shi ke nan?"

Mai fito ya ce, "Shi ke nan. Ƙosai da zafinsa, ga shi can."

To, kwalekwalen mutum goma sha biyu yake ɗauka. Waɗanda suka ji rabin farko a bakin kogi sun fi ɗari. Da waɗanda suka ƙetare suka komo aka tambaye su, sai suka ce, "Ba wani abu ba ne," gama labarin bai yi daɗin faɗa ba, kuma kunya ta kama su da aka sāke yi musu wayo. Manomin ma haka ya ce, ya ɗauki fartanyarsa ya wuce.

Waɗanda suka rage kuwa suka ƙarasa labarin da kansu. Wata ta ce, "Dama ni idonta bai taɓa kwanta mini ba." Wata ta ce, "Ku ƙirga yaran da suka mutu a hannunta." Ba wadda ta ƙirga waɗanda suka rayu. Kafin wanki ya bushe, an ce ungozoma mayya ce.

Daga ran nan, in ta biyo ta hanya, uwaye su janye 'ya'yansu. In ta yi sallama, a amsa daga cikin ɗaki ba a fito ba. Aka haifi yara uku a garin, ba a kira ta ba.

Sai ta zo wurin manomin a gona, ta tsaya a kan kunya ta ce, "Ɗana, an ce kana cikin jirgin. Ka ji yadda abin yake."

Ya ce, "Na ji, Iya."

Ta ce, "To, ka faɗa musu. Ni in na faɗa, sai su ce dama me mayya za ta ce. Da hannun nan na karɓe ka ranar da aka haife ka."

Ya ce, "Zan faɗa, Iya. Bari in kau da geron nan. Maganar mutane ce, za ta wuce."

Ta dube shi, ta juya ta tafi. Bayan mako biyu aka jefi ƙofarta da dutse. Ta ɗaure kayanta a tsumma, ta tafi wurin 'yarta a wani gari mai tafiyar kwana biyu.

Naƙudar matar manomin ta tashi da hantsi, ana tsakiyar yankan gero. Matan maƙwabta suka taru. Wannan ta ce a tsugunar da ita, waccan ta ce a kwantar, wata ta kawo jiƙo. Ba wadda ta san yadda ake juya ɗa. Manomin ya tsaya a ƙofar gida yana duban hanyar da tsohuwar ta bi, ya san ko da gudu ya tafi ba zai komo da ita a kan lokaci ba. Da la'asar Allah ya ceci matar da ƙyar. Yaron kuwa bai yi kuka ba. Aka haƙa kabari na uku kusa da biyun.

Kwana biyu bayan haka, muryar mai fito ta taso daga mashigi har cikin gidan. "Jama'a, kun ji abin da ya fito daga cikin matar manomi? Wanda ya gani bai iya cin abinci ba."

Manomin ya miƙe ya suri fartanya. Matarsa tana kwance a tabarma, fuskarta a bango. Ba ta juyo ba ta ce, "Maigida, in ka shiga jirgin nan, da ɗanmu za a auna wa mai fito hatsi."

Bai saurare ta ba. Ya fita, jama'a suka bi shi don su ga faɗa, har da waɗanda ba su taɓa gangarawa mashigi ba. Da mai fito ya hango taron, sai ya riƙe kwalekwalen da gora ya ce, "Sannu da haƙuri, maigida. In ƙarya na yi, shigo ka ƙaryata ni a gaban kowa. Ga wurinka nan."

Manomin ya ɗora ƙafa ɗaya a bakin jirgin. Da ya ɗaga ido, sai ya hangi wancan ƙetare. Masu ƙosai sun riga sun ga taron, suna ta ƙara itace a wuta.

Ya sauke ƙafarsa. Ya juya wa kogin baya, ya fuskanci mutanen garinsu ya ce, "Abin da ya fito daga cikin matata ɗa ne namiji, da yatsunsa goma. Da Iya tana nan, mai yiwuwa da yana raye. Iya kuwa ba ta ci ɗan kowa ba. Hura masa rai ta yi. Na ji haka da kunnena tun ranar, na yi shiru. Ni dai ba zan ƙara shiga jirgin nan ba, ko sunana aka kira."

Ya koma gida. A ranar mutum biyar ne kawai suka bi shi, sauran suka ƙetare. Mai fito ya yi mako guda yana kiran sunansa, yau "abin da manomi yake ɓoyewa", gobe "abin da matar manomi ta faɗa a kansa". Manomin yakan ji, amma bai gangara ba. A hankali masu bin sa suka ƙaru. Jirgi ya fara tashi da mutum shida, sa'an nan uku. Masu gyaɗa suka ce ba za su auna mudu a kan mutum uku ba. Mai fito ya kwance igiyarsa ya gangara da ruwa, neman wani garin.

Da matar ta sami ƙarfi, manomin ya yi tafiyar kwana biyun nan, ya durƙusa a gaban tsohuwar. Ta ce, "Na yafe maka, ɗana, tun kafin ka zo. Ka gai da matarka." Ya roƙe ta ta komo. Ta girgiza kai ta ce, "Na tsufa da a sāke jifar ƙofata." A can ta rasu da bazara.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan.

Kogin nan wayar da ke hannunka ce. Mai fito shi ne shafin nan da yake rubuta "Innalillahi, kalli abin da aka kama wata tana yi", ko "Ba za ka yarda da abin da ya faru a wani coci ba", ya bar sauran sai ka danna. Masu gyaɗa su ne masu talla. Kana cewa ba ka biyan kome, gaskiya ne, ai kai ne kayan da aka kai kasuwa. Wanda ya danna don ya ji daɗi, da wadda ta danna "don ta sa a addu'a", da wanda ya shiga ƙasan labari ya rubuta musu "ku ji tsoron Allah" da manyan baƙaƙe, duk kai ɗaya ɗaya ne a wurin awo. Mai zagin ma sun fi son sa, gama shi yakan komo ya duba ko an ba shi amsa.

Mutanen bakin kogi kuwa su ne 'yan guruf ɗinmu na waya, na zumunta da na mawaƙa. Sai ka ga an jefo kan labari da "An turo mini ne, ban san gaskiyarsa ba." In ba ka sani ba, ɗan'uwa, me ya hana yatsanka haƙuri? Mutum goma za su buɗe, ɗari za su karanta kan labarin kaɗai su ƙarasa da kansu. Ubangiji da ya hana mu shaidar zur bai ce ban da wadda aka turo ba.

Ban ce ku daina karanta labarai ba. Akwai 'yan jarida masu tsoron Allah, kana ganin kan labarinsu ka san abin da ke ciki. Amma shafin da ya saba ɓoye rabi don ya jawo ka, kada ka danna, kada ka tura, kada ka tsaya musu da shi. Ka daina bin sa, ka toshe shi. Ranar da zai fi maka wuya ita ce ranar da ya taɓa cocinku, ko ƙabilarku, ko gidanku. Ranar ma kada ka shiga.

Abu ɗaya ya rage, shi ne mai nauyin. Manomin bai yi wa tsohuwar ƙarya ba ko sau ɗaya. Ya dai san gaskiya, ya jira sai ya kau da gero. Idan akwai wani a cikinmu da aka yaɗa rabin labarinsa, kai kuwa ka san sauran, kada ka bari sai Lahadi mai zuwa. Ka faɗa yau, a wurin da aka faɗi rabin farko, tun mutumin yana cikin gari.